Kanti ya nemi a casa masa shinkafa da sunansa

Malam, kana tambaya ko ka amince wa babban kantin birnin Kano da ya nemi injinka na Kura ya riƙa casa masa shinkafa, ana ɗurawa a buhu mai sunan kantin. Ka amince, amma kada ka ba su fiye da rabin abin da injin ke fitarwa, sauran ka ci gaba da kaiwa kasuwa da sunanka. Manyan kantuna, irin Costco na Amurka da ya fito da kaya masu sunansa na kansa, Kirkland Signature, a 1995, suna yin haka ne don riba mai kauri tana wajen mai suna. Mai sayen shinkafar, kantin ya sani, ba kai ba. Ran da suka sami mai rahusa a Hadeja, can za su kai buhunansu.

Sharaɗin shi ne a rubuta komai kafin ka tada inji. Danshi kada ya wuce kashi 14 cikin 100, in ba haka ba ta yi funfuna a sito su dawo maka da ita. A ƙayyade yawan karyayyar ƙwaya da aka yarda da shi, da wanda zai yi rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Kuɗin buga buhu su za su biya, don buhu mai sunan wani ba ya sayuwa a wani wuri. Ranar biya kuwa ita ta fi kayar da masu inji: kai kana sayen shanshera kuɗi hannu, su kuma sai bayan wata ɗaya ko biyu. Ka nemi kafin alƙalami da zai sayi shansherar lodin farko.