Wa ke duba gwajin maganin zuciya kafin a fara shi?

Malama, kin ce an nemi mahaifinki ya shiga gwajin sabon maganin zuciya, kina tambayar ko akwai mai sa ido. Akwai. Kafin a ba kowa ƙwaya ɗaya, kwamitin masana ke zama kan takardar tsarin gwajin: likitocin zuciya, masana lissafi, da wani wanda ba likita ba. Su tambayi wa za a ɗauka, wa za a bari, kuma yaushe za a tsaya idan abu ya ɓaci.

Wannan tambaya ta ƙarshe ce ta fi damuna. A Amurka an yi wani gwaji mai suna CAST kan magunguna masu daidaita bugun zuciya bayan jijiyar jinin zuciya ta toshe. Likitoci da yawa sun riga sun amince da su. A 1989 kwamitin da ke sa ido kan gwajin ya ba da shawara aka dakatar da biyu daga cikin magungunan, encainide da flecainide, domin mutum 56 cikin 730 masu shan su sun mutu, alhali cikin masu shan ƙwayar banza, wadda ba magani a cikinta, 22 ne cikin 725.

Ki nemi takardar amincewar kwamitin, a karanta wa Baba da Hausa. Yana da ikon janyewa kowane lokaci.