Akun da ke fige gashinsa

'Yar'uwa, kin ce akun da kika karɓo a Jidda yana zubar da gashin ƙirji. Ki fara duba kansa: idan gashin kai yana nan lafiya, shi ne yake fige kansa, domin bakinsa ba ya kaiwa can, kuma sauyin gida kan jawo hakan. Idan har kan ya soma sanƙo, ki gaggauta kai shi wurin likitan dabbobi, saboda akwai cutar baki da gashi mai yaɗuwa.

Na fi zargin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke busar da fatarsa. Ki riƙa fesa masa ruwa, ki nisanta shi da turaren wuta, ki ƙara masa karas da ganye, ya kuma samu barcin awa 10 zuwa 12.