Amsa ga Dakta: kuɗin bincike a Saudiyya da ƙofofin da mata za su ƙwanƙwasa

Ƙanwata Dakta, na ga tambayarki tun daren jiya. Kin ce kin baro Wad Madani saboda yaƙi, yanzu kina koyarwa a kan kwantiragi a Jidda, fasfonki na Sudan ne, ga yara biyu, kuma kina neman inda za ki sami kuɗin ci gaba da bincikenki kan ƙwayoyin cuta. Na daɗe ina koyarwa a nan, bari in ba ki abin da na gani.

Kafin ki karanta yawan kuɗin da ke cikin kowace sanarwa, sauka ƙasa ki duba sharaɗin cancanta. Wasu fasfo suke kallo, wasu kuma ƙasar da kike aiki. Na taɓa ɓata mako uku ina rubutu, ashe tun layin farko an cire ni. Ga misali, ƙungiyar OWSD, ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, da ke Trieste a Italiya tana ba mata masu digiri na uku tallafin da ya kai dala 50,000. Sudan na cikin ƙasashen da ake ba, Saudiyya ba ta ciki, kuma sai kina aiki a ɗaya daga cikin ƙasashen da ake ba. Ki ajiye wannan sai ranar da Allah Ya mayar da ke kujerarki. Shirin Faculty for the Future na gidauniyar Schlumberger kuwa, wanda aka fara a 2004, mata 'yan ƙasashe masu tasowa yake ɗauka su je waje ƙarin bincike, da niyyar su koma gida su koyar. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ma ga shi nan Jidda a ƙofarki, yana da guraben binciken bayan digiri na uku ga 'yan ƙasashen da ke cikinsa, Sudan kuma memba ce.

Amma in don ta ni ce, ki fara da na gida, wato imadar bincike, ofishin da ke kula da bincike a jami'arki. Kuɗin ba su da yawa, mutane na raina su, sai dai su ne ke haifar da takardar bincike ta farko mai ɗauke da sunan jami'ar, ita kuma takardar ce ke sa a kira ki cikin babban aiki. Manyan kuɗi irin na hukumar RDIA, mai kula da bincike da ƙirƙira a Saudiyya, da aka kafa a 2021, ta hannun jami'a suke bi, kuma lafiya na cikin fannoni huɗu da ƙasar ta sa a gaba tun 2022. Ni dai ban shiga irin wannan a matsayin jagora ba. Wata farfesa ce ta sa sunana a tawagarta bayan ta ga aikina na imada, hakan bai rage ni da komai ba.

A tallafina na farko na sayi sinadarai da albashina saboda kuɗin sun yi jinkiri, na ce ai za a biya ni. Na kai fatura, wato takardar shaidar saye, ma'aikacin ya juya ta gaba da baya, ya nuna min da biro cewa sunana ne a kai maimakon sunan jami'a, ya turo min ita ta ƙarƙashin gilashi. Kuɗin nan har yau shiru. Don haka kada ki sayi ko safar hannu sai kin tambayi yadda suke son fatura. Takardar izinin kwamitin ɗa'a ma ki nema da wuri tunda samfurin marasa lafiya za ki taɓa, takan ci watanni.

Batun yara kuma, kada ki ɓoye shekarun haihuwa da na gudun yaƙi a takardar tarihin aikinki. Rubuta su a layi ɗaya, da kwanan wata, ba tare da neman afuwa ba. Na zauna cikin masu tantancewa, giɓin da ba a yi bayaninsa ba shi ke jawo zargi.

Kayan aiki fa? Jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST na Thuwal, arewa da Jidda, ku rubuta musu ke da shugabar sashenku kan amfani da na'urorinsu. Turo min daftarinki ta akwatin sirri, zan duba shi ranar Asabar in yara sun bar ni.