Ɗana na neman kuɗin satifiket ɗin kwamfuta, in taɓa jari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, Legas. Ɗana ya shekara biyu yana koyon rubuta manhaja, yanzu ya ce ba mai ɗaukarsa aiki sai da satifiket na ƙasar waje. Wata makaranta a Ikeja ta yanka masa naira dubu 700. In cire daga jari in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka. Jarin nan dai a bar shi tukuna.

Takardun iri biyu ne, kuma a nan ake yi wa iyaye rufa-ido. Akwai wadda makaranta ke bugawa da kanta, shaidar cewa yaro ya zauna a aji. Akwai kuma ta kamfanonin da suka mallaki fasahar, irin su Amazon da Microsoft da Cisco, wadda sai an ci jarrabawa, kuma mai ɗaukar aiki zai iya tantance ta a intanet. Ta biyun ce ke da daraja, farashinta kuwa ba ɓoyayye ba ne. Jarrabawar AWS, wato ta Amazon, ta matakin farko dala 100 ce, ta gaba da ita dala 150, CCNA ta Cisco dala 300. Duka ukun shekara 3 suke yi su ƙare, sai an sabunta, wanda ya faɗi kuma sai ya sake biya. Ka san yadda dala ta yi tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, daga wajen 460 har ta haura 1,500 a 2024. Saboda haka ka ce makarantar ta rarraba maka lissafi: nawa ne na jarrabawa, nawa ne na koyarwa. In suka fara kame-kame, ka gane.

Sannan ka zaunar da yaron ka tambaye shi wane aiki yake hari. In kula da hanyoyin sadarwa ne, ko tsaron kwamfuta, ko manyan rumbunan ajiyar bayanai, to takarda na da amfani, domin bankuna da kamfanonin waya kan tace masu nema da ita kafin ma a ga fuskar mutum. In kuwa gina manhajar waya da shafukan intanet ne, yawancin kamfanonin fasaha na unguwar Yaba abin da za su ce masa shi ne ya nuna abin da ya gina. Za su leƙa shafinsa na GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a intanet, su ba shi gwaji ya warware. Kai ma ai ba ka sayen buhu don kyan ɗinkin baki, sai an zazzage ka ga ta ƙasa.

Da ni ne kai, gwajin a rumfata zan fara. Ka ba shi wata uku ya gina maka manhajar littafin bashi: mota nawa ta sauka daga Aliero ko Sakkwato, wa ya ɗauki buhu nawa, wa ya biya, nawa ne la'ada. Ka saya masa data, ka taimaka da man janareta, wannan ba zai girgiza jari ba. In ta yi aiki har maƙwabtanka suka nema, ya samu abin nunawa, ya kuma samu kuɗin jarrabawa daga guminsa. Ya bincika shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023, horon fasahar kwamfuta ne kyauta.

In lokacin jarrabawar ya zo, guda ɗaya za a biya, wadda ya ga ana nema a tallan aikin da yake so. A biya kai tsaye a shafin kamfanin, daga riba, bayan ya ci jarrabawar gwaji sau biyu a gabanka.