Tambaya da Amsa: Itatuwan da ke Tsakiyar Gonar Gado

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A birnin Kano aka haife ni, amma mahaifina mutumin wani ɗan ƙauye ne a yankin Ɗambatta, wanda gidajensa ba su wuce ashirin ba. Da aka raba gado na sami gona biyu, ƙarama a bayan gidaje da babba can kusa da burtali. Akwai gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a cikinsu, na so in sare su domin tarakta ta sami hanya, sai baffannina suka hana. Shin suna da dalili, ko al'ada ce kawai? Kuma me ya sa kowa yake cewa ƙaramar ta fi babbar daraja?
Daga wani mai karatu a Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sanya albarka a abin da ya bari. Malam, baffanninka suna da hujja, domin a irin wannan ƙauye babu itacen da ya tsaya a tsakiyar gona da ikon kansa. Kowanne akwai wanda ya gan shi yana tsiro lokacin sharar gona, ya ɗauke fartanya ya bar shi, ya kuma tsare shi daga bakin awaki har ya fi ƙarfinsu.

Bari mu fara da tambayarka ta biyu, don ita ce za ta nuna maka yadda ƙauyen yake a shimfiɗe. Gidaje suna tsakiya, cikin inuwar darbejiya da rimi, da rumbuna a gefensu. Daga bayan danga sai karkara, wato gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu, kuma abin da yake riƙe da su shi ne taki: tokar murhu, da sharar tsakar gida, da kashin awaki da tumaki da aka ɗaure a turke duk damina, waɗanda ake kwasa da rani a mangala a bayan jaki ko a amalanke, a zuba tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Taki kaya ne mai nauyi, shi ya sa gonar kusa take samun rabo mai yawa, ta nesa kuwa sai abin da ya rage, ko abin da shanun Fulani suka bari in sun sauka cin kara bayan girbi. Ƙaramar gonarka ta sha takin kakanninka shekara da shekaru, babbar kuwa wataƙila jigawa ce da ake bari saura in ta gaji. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya kuma nuna cewa duk da cunkoson jama'a da noma ba hutu, manoma sun riƙe ƙarfin ƙasarsu da itatuwansu ta hanyar haɗa noma da kiwo.

Game da itatuwan, bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Gawo dai ko kusa kada ka taɓa shi. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: yana kakkaɓe ganye da shigowar damina, ya tsaya tsirara lokacin da gero yake neman rana, sannan ya yi kore shar da rani. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa daidai lokacin shuka, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun takin zamani, kuma dabbobin da suke fakewa a inuwarsa da bazara suna cin 'ya'yansa suna barin kashinsu a gindinsa. Ka je a watan Agusta ka tsaya a ƙarƙashinsa, ka gwada tsawon geron wurin da na taku ashirin daga nan, idonka zai ba ka amsa.

Ɗorawa da tsamiya kuwa, gaskiya inuwarsu tana danne shuka, a nan kana da abin faɗa. Sai dai ka lissafa abin da suke biya. Daga ɗorawa ake samun kalwar daddawa da garin da yara suke sha, da makubar da ake shafe katanga da daɓe. Tsamiya tana shiga kunu tana kuma shiga kasuwa. Kuka ba ta da inuwar kirki tun da ana yawan tsige ganyenta don miya, kuma inda ka ga kukoki sun taru a fili ba gida, sau da yawa kufai ne, alamar an taɓa zama a wurin. Mafi yawan wannan amfani yana shiga hannun matan gida ne, kuma yana zuwa a lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa. Maganin inuwa rage rassa ne kafin damina, ga itacen girki kuma ka samu. Ka kuma bincika da kyau, domin a wurare da yawa a ƙasar Hausa mallakar itace daban take da mallakar gona, ta yiwu 'yan uwanka mata ko gwaggonninka suna da haƙƙi a ɗorawar nan.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga sun gwada abin da kake shirin yi. An daɗe ana koya wa manoman jihar Maraɗi cewa gonar kirki ita ce wadda aka share fes, sai iskar farkon damina ta riƙa binne shuka da yashi, mutum ya shuka sau biyu ko uku. Daga 1983, musamman bayan farin 1984, aka fara abin da suke kira sassabin zamani, wanda wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya taimaka wajen yaɗawa: a bar kututturen sabara ko kalgo ko gawo ya tofo, a zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi a datse sauran. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi a Maraɗi da Damagaram. Ƙasar arewacin Kano ma rairayi gare ta, iskar kuma ba ta san kan iyaka ba.

Tarakta tana iya kewaye itace kamar yadda garmar shanu take yi. Ta gefen burtali kuma, ka bar shingen aguwa yadda ka same shi, kada ka ci ko taku ɗaya, don matse hanyar shanu shi ne mafarin rigingimu da yawa tsakanin manoma da makiyaya.

TAMBAYA: A ƙauyen mijina akwai kududdufi dab da gidaje, sauro ya hana mu barci da damina. Me zai hana a cike shi?
Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: Malama, kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar ginin ƙauyen ne, shi ya sa kusan kowane tsohon gari yake da nasa. Da ruwansa ake kwaɓa ƙasar tubali da yaɓe bayan damina, dabbobi suna sha, kuma nan ne ruwan sama yake gangarawa maimakon ya kwanta a gindin katanga. In aka cike shi ba a yi wa ruwan wata hanya ba, cikin gidaje zai nufa, kamar yadda ake gani a unguwannin birni da aka yi gini a kan kududdufai. Damuwarki kuma gaskiya ce, har ma akwai wadda ta fi sauro ɓoyuwa, wato tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda yara suke ɗauka wajen wanka a ruwan da ƙananan katantanwa suke zaune. A hana yara iyo a ciki, a daina zuba shara da bahaya a bakinsa, a kwana cikin gidan sauro, kuma duk yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, domin cutar tana da magani. Batun cikewa kuwa, mai gidanki ya kai shi gaban mai unguwa, a fara duba inda ruwan zai bi.