Hannun jakata ya yi baƙi yana maiƙo, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jakar hannu ta fata mai ruwan zuma, cikin kayan lefena ta zo. Jikinta lafiya lau, amma hannayen sun yi baƙi daidai inda nake riƙewa. Na goge da ruwan garin sabulun wanki, sai shati ya fito. Ƙawata ta ce in sa sipirit ko kananzir. In sa? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki sa ko ɗaya. Sipirit yana narkar da rini da fentin fata, kananzir kuwa shi kansa maiƙo ne, zai ƙara duhun ya bar miki wari.

Baƙin nan kashi biyu ne. Akwai dauɗar da ke zaune a sama, wato ƙura da ta haɗu da gumi, wannan tana fita. Akwai kuma maiƙon tafin hannu da man shafawa da basilin da fatar ta daɗe tana sha, musamman lokacin hunturu da kowa ke laftar mai. Wannan ya riga ya shige ciki, sai dai a rage shi. Duk wanda ya ce zai mayar miki da shi fes kamar ranar da aka saya, to fenti zai shafa a kai.

Kafin komai ki gane irin fatar. Ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wani ɓoyayyen wuri, kamar gindin hannun ta ciki. In ruwan ya tsaya a dunƙule, fatar tana da rufin fenti, aikinki mai sauƙi ne. In ta shanye shi cikin minti guda wurin ya yi duhu, to tsurar fata ce marar rufi, irin wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ko irin kirgin da ake yi wa jakunkunan Louis Vuitton hannu da shi. Shatin da kika gani ya nuna taki wannan ce. Ita irin wannan fatar dama takan rine da kanta, daga fari-fari zuwa ruwan zuma, saboda haske da iska. Wannan ba datti ba ne, kada ki yi ta fama da shi.

Ki fara da busasshen aiki. Ki goge hannun da farin tsumman auduga, sannan ki barbaɗa garin sitaci ko hodar jarirai, kamar cokalin shayi 2 ga kowane hannu, har ya rufe baƙin. Ki naɗe da farin ƙyalle ya kwana, awa 8 zuwa 12. Da safe ki kakkaɓe da burushi mai laushi. Za ki ga garin ya ɗan cure ya yi ruwan ƙasa, maiƙon da ya tsotso ke nan. Ki maimaita da sabon gari sau 3 ko 4. Ranar da garin ya fito fari yadda kika zuba shi, iya abin da zai fita ya fita.

Sai wanki, kuma a nan aka fi ɓata jaka. Ki zuba sabulun ruwa na jarirai ɗigo 3 a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki kaɗa ya yi kumfa. Kumfar za ki ɗiba da tsumma, ki matse sosai, danshi kawai ake so. Ki goge hannun gaba ɗaya daga wannan gindi zuwa wancan, a lokaci ɗaya, ba tare da dirza ba. In kika tsaya kan baƙin kaɗai, ruwan zai tura dauɗar gefe ta bushe a can, shatin da kika gani ke nan. Duka hannayen biyu za ki yi wa haka don launinsu ya zo ɗaya. Ki bi da wani tsumman mai danshin ruwa zalla, ki bar ta a inuwa kwana guda. Rana da na'urar busar da gashi suna sa fata ta ƙandare ta tsage.

Abu ɗaya da mutane ba su cika sani ba: kada soson ƙarfe ya kusanci jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa. Ƙarfe in ya haɗu da sinadarin jima baƙi yake bayarwa nan take, shi ya sa dukawa ke haɗa baƙin rininsu da kashin maƙera. Kanwa da toka da bekin soda su ma suna ƙona irin wannan fatar, ta yi duhu ta bushe.

Bayan ta bushe, ki shafa man gyaran fata marar launi, kamar girman ƙwayar wake ga kowane hannu. Ban da man gyaɗa, man zaitun ko basilin, domin abin da kika sha wahalar cirewa ne za ki mayar. In duk da haka baƙin bai yi miki ba, baduku zai iya yanka miki sababbin hannaye, ki tafi masa da jakar ya gwada launi.

Tambaya: Tawa hannun danƙo yake yi, yana manne min a tafi, har yana ɓarewa. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, ki duba ƙarƙashin inda ya ɓare. In kika ga yadi ko zare-zare, fatar roba ce, zafi da danshi sun cinye rufinta. Ba wankin da zai gyara wannan, sai canjin hannu. In kuwa fata ce ta gaske, gefen ne kawai ke danƙo, fentin bakin ne ya narke. Mai gyaran jaka zai kankare shi ya shafa sabo.

Tambaya: Yaya zan kare sabuwar jaka tun kafin ta yi haka? (Mai karatu daga Gombe)

Amsa: Ki naɗe hannun da siririn ɗankwali mai hasken launi, wanda kika wanke kika tabbatar ba ya zuba. In kin shafa mai ko turare ko sanitaiza, ki bari hannunki ya bushe kamar minti 10 kafin ki ɗauke ta. Duk mako ki goge da busasshen tsumma. Da damina kada ki ajiye ta cikin leda, fumfuna za ta kama ta, ki sa ta a rigar filo ta auduga.