Shin Kai Kukan Aure Wurin Mai Ba Da Shawara Ta Waya Giba Ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce, shekarata 9 a ɗakin miji, da 'ya'ya uku. Wajen wata shida ke nan barci ba ya ɗaukata sai asuba ta kawo jiki, gabana yana ta faɗuwa babu dalili, abu kaɗan sai kuka. Tsakanina da maigida babu duka babu zagi, amma sai mu kwana uku maganarmu ba ta wuce "ga abinci" ba. Wata ƙawata ta haɗa ni da wata mata mai ba da shawara, ana biyanta a yi hirar awa guda ta WhatsApp duk mako. Da na gaya wa yayata sai ta ce rashin tawakkali ne, kuma giba ce da tona asirin miji, in koma ga azkar. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yaye miki, 'yar'uwa. Ya halatta, da sharuɗɗan da zan ambata. Yayarki ta yi gaskiya da ta ce ki riƙe azkar, amma ta kuskure da ta mai da shi kishiyar neman magani.

Damuwa ba alamar raunin imani ba ce. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a aya ta 84 ta Suratu Yusuf. Manzon Allah (SAW) yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma a hadisin Usamatu bin Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, ya umarci bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, ban da tsufa. Nana A'isha ma, in an yi rasuwa a danginta, takan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi, ta ce ta ji Annabi yana cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Buhari da Muslim ne suka ruwaito. Kin ga an haɗa addu'a da riƙon sababi. Kuma kada a ce miki wannan ilimi na Turawa ne kaɗai. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya ware kashi na biyu na littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ga fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, da yadda ake magance su.

Batun giba shi ne ya fi buƙatar tsayawa. Hindatu 'yar Utba ta je wurin Annabi ta ce mijinta Abu Sufyan mutum ne marowaci, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta. Mijin ba ya wurin, ta kama sunansa, ta faɗi aibinsa, Annabi bai tsawata mata ba, sai ya ce ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon al'ada. Da wannan hadisi Imamu Nawawi ya kafa hujja a Riyadus Salihin, inda ya kawo wurare shida da giba ta halatta, ciki har da neman fatawa da kai ƙarar zalunci. Mai faɗa wa masani halin da take ciki don a nemo mafita tana ƙarƙashin wannan rangwame. Amma ki lura da abin da Hindatu ta faɗa: aibi ɗaya, wanda ya shafi matsalarta. Ba ta zauna tana zazzage tarihin Abu Sufyan da na danginsa ba. Haka ke ma. In shirun da ke tsakaninku ne ciwon, faɗi shirun, da yadda ya faro, da naki laifin in akwai. Bashin da ake bin sa da rigimarsa da 'yan'uwansa, in ba su taɓa matsalar ba, bar su a rufe. Ba dole ba ne ma ki faɗi sunansa ko wurin aikinsa.

Sirrin shimfiɗa ya fi wannan tsanani. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa mai kusantar iyalinsa sannan ya yaɗa sirrinta yana cikin mafi munin matsayi ranar Alƙiyama, kuma malamai sun ce hukuncin ya haɗa da mace. Sai in can ne cutar take, to a faɗi gwargwadon lalura, kamar yadda ake buɗe wa likita wurin ciwo kaɗai.

Saura wanda za a faɗa wa. Annabi ya ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne, amana ce a wuyansa. To a yau duk mai waya da data zai iya laƙaba wa kansa "masanin zamantakewar aure". Ki tambaye ta kai tsaye: a ina ta yi karatu, a wane asibiti ko cibiya take aiki, kuma ina hirarku take zuwa bayan an gama? Mai gaskiya ba ta jin haushin wannan tambaya. Ki kiyayi turo dogon saƙon murya ko hoto ga wadda ba ki tantance ba, don abin da ya fita daga wayarki ya fita daga hannunki. Shafukan nan kuwa da ake cewa "a ɓoye sunana" a baje sirrin gida, dubban mutane su yi ta sharhi, wannan ba neman shawara ba ne, tallan asiri ne, kuma ban ga hanyar halatta shi ba.

Da kika samu mace, kin huta. Namiji ba a zuwa wurinsa sai an rasa mace ƙwararriya, kuma a tsaya kan abin da ya kawo ki, a lokacin aiki. Malamai sun yi saɓani ko hirar waya tana ɗaukar hukuncin keɓancewa, amma kowa ya san inda hirar ƙarfe ɗayan dare da mai tausaya miki take kaiwa. Kuma ki saurari inda shawarar ta dosa. Wadda daga zama na farko, ba ta ji ta bakin miji ba, ta fara "ke kam kin fi ƙarfin wannan mutumin", ki rabu da ita, domin Annabi ya ce ba ya tare da mu wanda ya ɓata mace ga mijinta. Wannan ba ya nufin a ce wa wadda ake cutarwa ta yi ta haƙuri har ta mutu. In saɓani ya yi tsanani, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, kuma hirar waya ba ta maye gurbin wannan.

Game da sanar da maigida, ni na fi son ki gaya masa. Ba fita za ki yi ba, amma ranar da ya tarar da ke a kicin da abin sauraro a kunne kina magana ƙasa-ƙasa, ya kuma ga kuɗi na fita duk mako zuwa lambar da bai sani ba, zargi zai shigo, ki nemi gyara ki samo ɓarna. Ki ce masa barci ya gagare ki kina neman taimako. Wataƙila ma wannan ce maganar da za ta karya shirun.

Wata shida babu barci kuma ya wuce a tsaya ga hira kaɗai. Ki je asibiti a auna ki, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo kan jawo bugun zuciya irin wanda kika siffanta. In kuwa kika fara jin gara mutuwa, ko tunanin cutar da kanki ko yaran, to ranar nan ki gaya wa wani na kusa, a kai ki wurin likitan ƙwaƙwalwa ido da ido. Akwai asibitocinsu a Dawanau ta Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma ba sai wanda ya haukace ake kaiwa can ba. In sun rubuta miki magani ki sha, ki ci gaba da azkar ɗinki na safe da yamma.

Wallahu a'alam.